Darasin Sana'a: Hayar Suna a Kasuwanci

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga ƙauye zuwa birni ya ga gidajen mai a bakin hanya. Sau da yawa akan ga gida uku ko huɗu masu suna ɗaya, fenti ɗaya, rigunan ma'aikata iri ɗaya. Mutum sai ya zaci duk na mutum ɗaya ne. Ba kullum haka abin yake ba. Wani gidan na wani ɗan kasuwa ne da ya ƙulla yarjejeniya da babban kamfani. Kamfanin ya ba shi suna da kaya da dokokin aiki. Shi kuma ya zuba jarinsa da guminsa.

Irin wannan ciniki Turawa ke kira faranchayis. Da Hausa ana iya ce masa hayar suna. Mutum biyu ne a cikinsa. Akwai mai suna, akwai ɗan haya. Ɗan haya yana biyan kuɗin shiga, sannan yana biyan wani kaso daga cinikinsa. Kanti nasa ne, riba tasa ce, asara ma tasa ce. Amma ba shi da ikon yin yadda ya ga dama da sunan.

Darasin wannan wata zai kai mai karatu ƙasar Amurka, inda wannan tsari ya fi bunƙasa, don a ga yadda wani gidan abinci mai suna McDonald's ya taso.

Wa da ƙane masu gidan abinci

A shekarar 1940 wasu 'yan'uwa biyu, Maurice da ƙanensa Richard, 'yan gidan McDonald, suka buɗe gidan abinci a garin San Barnadino na jihar Kalifoniya. Mutane kan zo a mota su tsaya. 'Yan mata kan kai musu abinci har cikin mota. Ciniki yana tafiya, amma akwai matsala. Abinci yana daɗewa bai fito ba. Faranti yana fashewa, cokali yana ɓata. Samari kan cika wurin don zance da 'yan matan, har magidanta masu iyali suka fara gudun wurin.

A 1948 sai suka yi abin da ba kowane ɗan kasuwa zai iya ba. Suka rufe gidan har wata uku, alhali yana kawo kuɗi. Suka sallami 'yan matan. Suka rage nau'in abin da suke sayarwa daga 25 zuwa 9. Suka daina amfani da faranti, suka koma naɗe abinci a takarda. Babban abincinsu ya zama hambaga, wato niƙaƙƙen naman shanu da ake gasawa a sa a tsakiyar burodi. Suka karya kuɗinsa daga senti 30 zuwa senti 15. Senti a wurin dala kamar kwabo yake a wurin naira.

Aikin kicin kuma suka raba shi. Wannan gashin nama kawai yake yi. Wancan suyar dankalin Turawa. Wani naɗewa, wani karɓar kuɗi. Har akwai lokacin da suka zana taswirar kicin da alli a kan filin wasan tanis na gidansu, suka sa ma'aikata suna kwaikwayon aiki a kai, don a ga inda wani zai yi karo da wani. Da farko ciniki ya ja baya. Daga baya layi ya riƙa kaiwa bakin titi, domin mutum yana biya ana miƙa masa abincinsa.

Zuwan Ray Kroc

A 1954 wani ɗan talla mai shekara 52, mai suna Ray Kroc, ya zo garin. Sana'arsa sayar da injin kaɗa madara mai sanyi. Kowane inji yana kaɗa kofi biyar a lokaci ɗaya. Ya yi mamaki da ya ji gidan abinci ɗaya yana da injin nan har takwas. Ya je ya gane wa idonsa. Abin da ya gani ya sa ya roƙi 'yan'uwan su ba shi izinin bayar da hayar sunansu a duk faɗin ƙasar. Suka yarda. Ran 15 ga Afrilu 1955 ya buɗe gidansa na farko a wani gari kusa da birnin Shikago.

Ga yadda lissafin yake a lokacin. Ɗan haya zai biya dala 950 kuɗin shiga. Bayan haka, a cikin kowace dala 1,000 ta ciniki zai ba da dala 19. Kroc ya ɗauki 14, 'yan'uwan su ɗauki 5.

A wancan zamani yawancin masu bayar da hayar suna hanyar cin riba da wuri suke bi. Sukan sayar wa mutum ɗaya izinin yanki guda baki ɗaya, su karɓi kuɗi masu yawa, su juya baya. Wasu kuma sukan tilasta wa ɗan haya sayen kaya a wurinsu da tsada. Kroc ya ƙi bin wannan hanya. Gida ɗaya yake ba mutum. Sai ya ga kamun ludayinsa kafin ya ƙara masa na biyu. Kuma bai mai da sayar wa 'yan haya kaya hanyar samun ribarsa ba. Tunda kasonsa daga ciniki yake fitowa, in ɗan haya bai samu ba, shi ma bai samu ba. Kamfanin yakan kwatanta kansa da kujera mai ƙafa uku: kamfani, da 'yan haya, da masu kawo nama da dankali da burodi. Duk macen da ta taɓa ɗora tukunya a murhun dutse uku ta san abin da zai faru in dutse ɗaya ya goce.

Wa ya kamata a ba amana?

A nan Kroc ya yi kuskure, kuma kuskuren ya cancanci a tsaya a kansa. Da zai fara, abokansa masu kuɗi ya nema, waɗanda suke wasan golf tare. Ya ba su gidaje. Su kuwa suna da wasu harkokin. Ba sa zama a kanti, sai su ɗora yaro su tafi. Wani ya ƙara kuɗin abinci. Wani ya shigo da abincin da ba ya cikin tsari. In an yi musu magana ba sa ji, don suna ganin Kroc abokinsu ne, ba ubangidansu ba. Sanayya ta shiga, doka ta fita.

Sai wata rana wata mata mai suna Betty Agate ta shigo ofishin Kroc tana tallan littattafai. Sakatariyarsa, June Martino, ta lura da naci da ƙwazon matar. Ta ba ta shawara ita da mijinta su karɓi haya. Mijin, Sandy, ma'aikacin ɗab'i ne. Ba su da wani abin kirki, ɗan abin da suka tara suka zuba duka. Suka buɗe gidansu a 1955. Miji yana kicin, mata tana wurin karɓar kuɗi, tun safe har dare. Gidan ya yi cinikin da ya ba kowa mamaki. Daga nan Kroc ya gane irin mutanen da yake buƙata: wanda kantin shi ne tukunyar gidansa, wanda zai tsaya a ciki da ƙafarsa. Har yanzu kamfanin yana sharɗanta wa mai neman haya ya yi dogon horo a cikin gidan abinci, kuma ya kasance shi ke gudanar da kantin da kansa.

Wani abin lura shi ne, shi ma Sandy daga baya sun ɓata da Kroc, saboda ya canza irin lemon da ake sayarwa ba tare da izini ba. Kroc bai duba yawan cinikinsa ba, ya hana shi ƙarin gida.

Wajen ɗaukar ƙananan ma'aikata kuma, labarin Fred Turner ya isa misali. An ɗauke shi a 1956 yana ɗan shekara 23, aikinsa gashin nama. Kroc ya lura yaron yana da ido, ba ya barin ƙaramin abu ya wuce shi. Ya jawo shi jiki. A 1958 Turner ya rubuta littafin dokokin aiki mai shafi 75. A ciki an faɗi yadda ake yanka dankali, da yadda ake gasa nama, da yadda ake wanke kowane abu. A 1961 aka buɗe makarantar horar da 'yan haya da manajoji a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gidan abinci. Ɗaliban ajin farko ba su kai 20 ba. A 1977 mai gashin naman nan ya gaji Kroc a kujerar shugabancin kamfanin.

Mai karatu ya lura da amfanin rubutu a nan. Sana'ar da take cikin kan maigida kaɗai, ran da ya yi tafiya ita ma ta yi tafiya. Wadda aka rubuta kuwa, sabon yaro zai karanta ya yi daidai da tsohon hannu. Da littafin nan aka sa abincin gari mai nisan mil dubu ya zo ɗanɗano ɗaya da na wani garin.

Kula da mai saye

Abubuwa huɗu Kroc ya riƙa nanata wa mutanensa: abinci mai kyau, saurin biyan buƙata cikin fara'a, tsafta, da farashin da ya dace da kaya. Bai tsaya ga faɗa da baki ba. Ma'aikatansa na farko sun sha ganinsa da sassafe yana tsince takardu a harabar gidan, yana kankare cingam daga daɓe da hannunsa. Yaron da ya ga maigida a duƙe yana shara, da wace fuska zai jingina da bango? A dokokin wancan lokaci, hambagan da ya yi minti 10 ba a saya ba zubarwa ake yi. Soyayyen dankali kuwa minti 7. Asara ce a ido, amma sun fi tsoron asarar mai saye.

Tsananin nan yana da dalili. A hayar suna, wake ɗaya shi ke ɓata gari. Wanda aka wulaƙanta a kanti ɗaya ba ya cewa wane ne ya yi mini, sunan yake zagi. A 1993 wani kamfanin abinci na Amurka mai suna Jack in the Box ya sayar da naman da bai gasu sosai ba. Mutane fiye da 700 suka kamu da ciwo, yara huɗu suka mutu. 'Yan hayar da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ma cinikinsu ya faɗi.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani ɗan haya mai suna Lou Groen yana da gida a birnin Sinsinati, a unguwar da yawancin mazaunanta Kiristoci 'yan Katolika ne. A lokacin ba sa cin nama ran Juma'a. Duk Juma'a kantinsa fayau. Ya nemi izini ya sa soyayyen kifi a burodi. Kroc bai so ba, don yana da tasa dabarar, wato yankan abarba a burodi. A 1962 aka yi gwaji ran wata Juma'a, aka ajiye su biyun, aka bar masu saye su raba gardama. Kifi ya yi wa abarba fintinkau. Kroc ya sallama, har gobe kuma ana sayar da kifin nan. Babban hambagan da ake kira Big Mac ma wani ɗan haya ne, Jim Delligatti, ya ƙirƙiro shi a 1967. Haka nan a ƙasar Indiya kamfanin ba ya sayar da naman shanu, a Malesiya kuma abincin halal yake sayarwa.

Inda labarin ba shi da daɗi

A 1961 Kroc ya sayi sunan baki ɗaya daga hannun 'yan'uwan a kan dala miliyan 2.7. Suka riƙe gidansu na asali, amma dole suka canza masa suna, domin sunan mahaifinsu ya zama na wani. Kroc ya ji haushin riƙe gidan da suka yi. Ya buɗe sabo kusa da su, har nasu ya mutu. Wannan ba halin da za a yaba ba ne.

Ɗan haya ma ba sarki ba ne. Tun 1956 kamfanin ya fara mallakar filaye da gine-gine yana ba 'yan haya, don haka suna biyan kuɗin suna, suna biyan kuɗin wuri. Wanda ya karya doka yana iya rasa duka biyun. Shi ya sa ba a sa hannu a irin wannan takarda sai an karanta ta layi layi, an san kaso nawa ne, shekara nawa ce, kuma me zai faru in an ɓata.

Ƙananan ma'aikata kuma sun daɗe suna kukan ƙarancin albashi, da yawansu ba sa daɗewa suke barin aikin. A Nuwamba 2012 ma'aikatan irin waɗannan gidajen abinci suka shiga yajin aiki a birnin Niyok, suna neman a riƙa biyansu dala 15 a kowace awa. Yajin ya bazu zuwa wasu biranen, har wasu jihohi suka ƙara mafi ƙarancin albashi.

Yau McDonald's yana da gidaje fiye da 40,000 a ƙasashe sama da 100, kuma wajen 95 cikin kowane 100 a hannun 'yan haya suke. A Afirka ya fara shiga Maroko a 1992. Ba shi da gida a Nijeriya ko Nijar, amma takwaransa KFC mai sayar da soyayyar kaza ya buɗe a Legas a 2009.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa abokan Kroc masu kuɗi suka kasa, Sandy da matarsa suka yi nasara?
2. In ɗan haya ya yi cinikin dala 10,000 a 1955, nawa Kroc zai karɓa, nawa 'yan'uwan za su karɓa?
3. Ɗalibi ya zaɓi sana'a ɗaya da ya sani, ya rubuta dokoki biyar da zai ba sabon yaro ran da ya fara aiki.