Kafin Ka Ce A Yi Mata Filashin

Wata Asabar da hantsi wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp ta shigo rumfata da ɗanta riƙe da jakarta. Ko zama ba ta yi ba ta ɗora wayar a kan tebur ta ce, "Malam, filashin kawai za ka yi mata. Shekaranjiya ta nemi a sabunta ta, na danna, tun daga nan ta zama kamar ba tawa ba. In na taɓa hoto sai na ƙirga goma kafin ya buɗe, ga zafi kamar an ciro ta daga murhu."

Shekara 11 ke nan ina gyaran waya a Kano, kuma da wuya mako ya wuce ban ji irin wannan magana ba. Kusan kowa da maganinsa a baki yake zuwa, wato filashin, a goge komai a zuba sabuwar manhaja. Ni kuwa ba na taɓa kebul sai na yi tambaya uku: yaushe aka sabunta ta, a ina ake yi mata caji, kuma wuri nawa ya rage a cikinta. Na tambayi Hajiya. Kwana biyu ke nan da sabuntawar. Unguwarsu an yi mako ba wuta, don haka wurin mai caji na bakin layi ake kai wayar, kuma a kashe take bayarwa don kada wani ya leƙa mata saƙonni. Wurin ajiya kuwa, cikin gigabait 64 abin da ya rage bai kai ɗaya ba.

Na ce mata, "Hajiya, wayarki lafiyarta ƙalau. Aiki ta ɗauko ba a bar ta ta ƙarasa ba."

Ga abin da nake nufi. Sa'ad da waya ta sake kunnuwa bayan sabuntawa ta nuna maka fuskarta kamar yadda ka saba, aikin bai ƙare ba. Kamar ɗan kasuwa ne da ya tashi daga tsohon shago zuwa sabo: kaya sun iso, an buɗe ƙofa, amma komai yana cikin kwali. Duk mai saye da ya zo sai an tona an lalubo masa. Kowace manhaja da ke cikin wayar Android tana buƙatar a sake fassara ta zuwa harshen da injin wayar yake karantawa kai tsaye, domin fassarar da aka yi a ƙarƙashin tsohon tsari ta daina aiki. Waɗanda suka riƙe waya a zamanin Android 5 da 6 za su tuna yadda take tsayawa bayan sabuntawa tana ƙirga manhajoji ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci fiye da rabin awa. Daga Android 7, wanda ya fito a 2016, Google ya sauya dabara: wayar ta kunnu da wuri, sannan ta riƙa yin fassarar a ɓoye. Amma wannan aikin ɓoye yana da sharaɗi. Sai wayar tana kunne, tana jone da caji, kuma ba a taɓa ta.

Wanda ya tsara wannan sharaɗi yana tunanin mutumin da ke jona waya a gefen gado ya kwana da wuta har safe. Mu a nan da yawa ba haka muke caji ba. Ko dai a kashe ta a kai wa mai caji, ko a jona ta minti arba'in da aka tayar da janareta ana kuma latsa ta a lokacin. Sai aikin da ya kamata ya ƙare cikin dare ɗaya ko biyu ya ja mako, mai waya kuma ya yanke hukuncin cewa sabuntawa ta kashe masa waya. A iPhone ma akwai makamancin haka: bayan babbar sabuntawa takan sake jera bayanan bincike, ta sake bin hotuna ɗaya-ɗaya tana tantance fuskoki da wurare, shi ya sa take ɗumi, batir yana zuba, na 'yan kwanaki.

Matsala ta biyu a wayar Hajiya ita ce cikar ciki, kuma ita ce na fi gani a wayoyin mutanenmu. Ma'ajiyar waya ba ta iya rubuta sabon abu a kan tsoho kai tsaye; sai ta kwashe abin da ke wani yanki ta mayar wani wuri, ta share yankin gaba ɗaya, sannan ta rubuta. In akwai fili, wannan ba ya ɗaukar lokaci. In babu, kowane ƙaramin rubutu sai ya zama kwashe-kwashe. Sabuntawa kuwa tana zuwa da nata nauyin, sau da yawa gigabait biyu ko uku, ta cinye ɗan filin da wayar ke numfashi da shi. Laifin sai ya faɗa kan sabuntawa, alhali ita ce kawai ta ƙarasa cika tulun da ya riga ya kai wuya.

Muka buɗe wurin sarrafa ajiya na WhatsApp tare da ɗanta. Bidiyon biki, wa'azi, tallan kaya da aka turo mata sau huɗu daga zauruka huɗu, sun haura gigabait 20. Hotunan kayanta da rasiɗan kuɗin da aka tura mata muka kwashe zuwa katin memori, sauran ta zaɓa da kanta ta goge. Na kashe saukar da bidiyo kai tsaye. Na ce ta bar wayar a rumfata a kunne, a jone, da makullinta a kai, zuwa la'asar, kuma ta sake yin haka dare biyu in ta samu wuta. Shawarata ga kowa ita ce a bar aƙalla kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ma'ajiya babu komai.

Sai batir, wanda a kansa nake so mai karatu ya ɗan daɗe, domin a nan ne zargin da mutane ke yi wa kamfanoni, cewa sabuntawarsu ke rage wa waya gudu, yake da tushe.

Batirin waya yana tsufa ta hanya biyu. Cajin da yake ɗauka yana raguwa, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika sani ba shi ne, ƙarfin da yake iya bayarwa a lokaci guda shi ma yana raguwa. In ka buɗe kyamara ko wata manhaja mai nauyi, injin wayar yakan ja wuta da yawa farat ɗaya. Tsohon batir sai ya kasa, wutar ta faɗi, wayar ta mutu alhali tana nuna kashi 30. A watan Janairun 2017 kamfanin Apple ya fitar da iOS 10.2.1, ya sa a ciki wani tsari da ke rage gudun injin iPhone 6 da 6s da SE idan batirinsu ya tsufa, don hana wannan mutuwar. Daga baya iOS 11.2 ya haɗa da iPhone 7. Dabarar kanta tana da ma'ana a wurin duk wanda ya san lantarki. Laifin shi ne ba a gaya wa masu wayoyin cewa an rage musu gudu ba. Mutane suka ga waya ta yi nauyi, suka ɗauka ta tsufa ne, wasu suka sayi sabuwa, alhali sabon batir kaɗai zai dawo da ita.

Sai a Disambar 2017 John Poole, mai manhajar auna gudun waya ta Geekbench, ya wallafa alƙaluman da suka nuna abin a fili. Apple ya amsa, ya nemi afuwa, ya rage kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa 29 na tsawon 2018, sannan a iOS 11.3 ya ƙara wurin da mai waya zai duba lafiyar batirinsa da kansa. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar Apple yuro miliyan 10 a Oktoban 2018, ta kuma ci Samsung yuro miliyan 5 a kan sabuntawar da aka tura wa Galaxy Note 4, ko da yake Samsung ya musanta zargin. Faransa ta ci Apple tarar yuro miliyan 25 a Fabrairun 2020. A Amurka kuma kamfanin ya amince ya biya har dala miliyan 500 don sasanta ƙarar da masu wayoyin suka shigar. Saboda haka in mai waya ya ce mini, "Oga, da gangan suke yi don mu sayi sabuwa," ba na yi masa dariya. Ina dai nuna masa cewa ko a wancan shahararren lamari, abin da ya gyara wayoyin batir ne. Filashin sau goma ba zai ƙara wa tsohon batir ƙarfi ba.

Wannan ya fi shafar mu fiye da Turawan da suka kai ƙara. Apple ya ce batirin iPhone 14 da na gabaninsa an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Mai cinye caji ɗaya kullum zai kai wannan adadi kafin shekara ɗaya da rabi. Wayoyin da muke kira Landan yus kuwa sun riga sun yi shekara biyu ko uku a hannun wani kafin su iso mana. Ga kuma zafi. Kamfanin da kansa ya ce yanayin da ya haura digiri 35 yana iya lalata batir lalacewa ta dindindin, mu kuwa a watan Afrilu Kano takan kai 40, wayar tana aljihun ɗan adaidaita sahu ko a kan gaban mota. Kowace waya, ko ta wane kamfani ce, in ta yi zafi tana rage gudunta da kanta don kare injinta. Mai iPhone ya duba lafiyar batir a saituna. In ta sauka ƙasa da 80, ya san inda matsalarsa take. Mai Android ya lura: in wayar tana mutuwa da sauran caji, ko bayanta ya fara ɗagowa, batirin ya gama. Wanda ya kumbura kuwa kada a kwana da shi a jone, haɗari ne. Kuma a nemi batir mai kyau ko da ya fi tsada, domin na jabu yakan dawo da matsalar cikin wata biyu.

Akwai wayar da ba ni da abin yi mata, kuma gara in faɗa. Mai ram gigabait 2 da aka saya shekara biyar da suka wuce tana ɗauke da manhajojin bana, waɗanda kowace shekara ƙara ƙiba suke yi. Za a iya sauƙaƙa mata da ƙananan nau'o'i irin su Facebook Lite, a cire abin da ba a amfani da shi, amma ba za ta koma yadda take ranar da aka ɓare kwalinta ba. Duk mai gyaran da ya yi maka wannan alkawari kuɗinka yake so. Manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roka da ke cewa za su ƙara gudu, a cire su. Kashe manhajoji suke yi, wayar ta sake tayar da su, ga tallace-tallace suna cin data.

Wani lokaci kuma sabuntawar ce da kanta take zuwa da kuskure. Yana faruwa. Alamarsa ita ce an yi mako, akwai fili, batir lafiya, amma nauyin yana nan, kuma masu irin wayar duk kukansu ɗaya. Kafin in yanke wannan hukunci nakan sabunta dukkan manhajoji daga Play Store, domin tsohuwar manhaja a kan sabon tsari takan yi gardama. Sannan in kunna wayar a yanayin da ke tayar da manhajojin asali kaɗai. In ta saki a nan, to wata manhaja ce da aka saukar, sai a bi su ɗaya-ɗaya. In ba ta saki ba, gyaran yana hannun kamfani, kuma yawanci yakan biyo baya a ƙaramar sabuntawa. Komawa tsohon tsari ba abu ne mai sauƙi ba: Apple yakan rufe ƙofar tsohon iOS ba da daɗewa ba bayan fitar sabo, wayoyin Android da yawa kuma suna da kariyar da ke hana ja da baya, wanda ya matsa yana iya mayar da waya gawa.

Dalilin da ya sa nake jan ƙafa a kan filashin shi ne abin da nake gani bayansa. Wayar Android da aka goge ta wannan hanya takan nemi asusun Google ɗin da ke kanta a da. Mutanenmu da yawa yaron shago ne ya buɗe musu imel ranar da suka sayi waya, ba su san sunansa ba balle kalmar sirri. Na ga dattijo ya zauna a bencina ya yi shiru na tsawon lokaci bayan ya gane hotunan aikin hajjinsa da saƙonnin muryar ɗan'uwansa da ya rasu sun tafi, saboda an yi masa filashin a wani wuri ba a tambaye shi komai ba, a kan matsalar da kwana uku a caji za ta warware. Abokan sana'ata, don Allah mu riƙa tambaya kafin mu goge. Kuɗin filashin ba su kai wannan ba. In har gogewar ta zama dole, a kwashe hotuna, a adana hirar WhatsApp, a tabbatar mai waya ya shiga asusunsa da hannunsa a gabanka, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani ta cikin saituna.

Kada kuma wannan bayani ya sa wani ya ƙi sabuntawa gaba ɗaya. A cikinta ake toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, kuma yau asusun bankinka a wayar yake. Abin da nake yi da tawa shi ne, in babbar sabuntawa ta fito sai in jira mako ɗaya ko biyu in ji labarin waɗanda suka riga ni. Ƙananan na tsaro kuwa ba na jinkirta su. Kafin in danna nakan share fili, in tabbatar caji ya wuce rabi, in zaɓi daren da nake sa ran wuta.

Hajiya ta aiko ɗanta ranar Talata da wata wayar, ta ƙanwarta, mai irin wannan kuka. Na tambaye shi ta mahaifiyarsa, ya ce ta saki tun daren Lahadi. Ta ƙanwar kuwa da na juya ta sai na ga murfin baya ya ɗago daga gefe ɗaya, na ce ya kira ta ya gaya mata batir za a canja, kuma kada a sake jona ta kafin nan.