Yadda Ake Sauya Tsarin Man Mota Mai Turbo Don Ta Yi Aiki Da Itanol

Duk wanda ya saba kallon bidiyon motocin tsere a YouTube ko TikTok ya sha cin karo da lambar E85. Wannan wani nau'in mai ne da ake haɗa fetur da sinadarin itanol, wanda ake samarwa daga masara a Amurka, a Brazil kuma daga rake. Harafin E yana nufin itanol, lambar kuma tana nuna yawansa: E10 kashi 10 cikin 100 ne, shi kuwa E85 yana iya kaiwa kashi 85. Brazil ce ta yi nisa a wannan fanni, domin tun 1975 ta ƙaddamar da shirin Proálcool, sannan a 2003 kamfanin Volkswagen ya fitar da Gol mai shan fetur ko itanol ko haɗinsu.

Me ya sa masu turbo ke son sa?

Aikin turbo shi ne amfani da hayaƙin salansa wajen juya wata fanka da ke cusa ƙarin iska cikin inji. Iskar da aka matse tana zafi, zafin kuma yana iya sa mai ya fashe ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda, har a ji injin yana ƙwanƙwasawa. Idan abin ya yi yawa, fistin na iya fashewa. Itanol yana maganin wannan ta hanya biyu. Ƙarfin oktensa ya kai 100 ko fiye, wato yana jure matsi fiye da fetur na yau da kullum, sannan yana sanyaya iskar da ke shiga yayin da yake zama tururi. Hakan ke ba da damar ƙara matsin turbo, a samu ƙarin ƙarfi.

Amma akwai lissafi

Ƙarfin da ke cikin litar itanol bai kai na litar fetur ba, ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku. Fetur yana ƙonewa daidai idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, E85 kuwa kusan sau 9.8. Saboda haka injin yana buƙatar ƙarin mai da ya kai kashi 30 cikin 100. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta koma shan kusan 13.

A nan haɗarin yake. A ɗauka nozul ɗin mota yana aiki da kashi 80 na iyakar ƙarfinsa idan an take totur da fetur. Da E85 ana buƙatar ya kai kashi 104, abin da ba zai yiwu ba. Mai zai yi ƙaranci, zafi ya ƙaru, inji ya buga.

Abubuwan da ake sauyawa

Na farko nozul: ana sa manya waɗanda za su fesa isasshen mai har su bar rara.

Na biyu famfon mai na cikin tanki: dole ya zama mai turo mai da yawa, wanda kuma aka ƙera don jure itanol. Wani lokaci har wayarsa ta lantarki ake ƙara wa kauri.

Na uku tiyo da robobi: itanol yana lalata tsohuwar roba, don haka ake amfani da tiyo mai rufin PTFE a ciki. Yana kuma wanke dattin da ya daɗe a tanki, shi ya sa ake canza filtar mai bayan 'yan kwanakin farko.

Na huɗu na'urar auna itanol: yawansa a E85 ba ya tsayawa wuri ɗaya. A Amurka yana kamawa daga kashi 51 zuwa 83, gwargwadon yanki da lokaci, domin inji yana wahalar tashi da itanol a lokacin sanyi. Na'urar ce ke sanar da ƙwaƙwalwar mota ainihin abin da ke cikin tanki.

Na biyar, kuma mafi muhimmanci, sake saita ƙwaƙwalwar motar. Ƙwararre ne ke gyara manhajarta ta san yawan man da za ta fesa da lokacin da filogi zai ba da wuta. Idan aka sa manyan nozul ba a yi wannan ba, motar za ta riƙa shaƙewa da mai.

Inda wayar hannu ta shigo

Akwai ƙaramar na'ura mai suna ELM327 da ake soka ta a ramin OBD-II, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, sai manhaja irin Torque ko Car Scanner ta nuna matsin turbo, zafin iska da yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa don cike giɓi. Idan ƙarin ya haura kashi 10 ya tsaya a nan, alama ce a ga makanike.

Kafin a taɓa mota

Wasu motocin hannu da ake shigowa da su daga Amurka suna zuwa da murfin tanki rawaya ko tambarin FlexFuel. Waɗannan tun daga kamfani aka shirya su, kuma suna shan fetur zalla lafiya lau. Wanda motarsa ba ta cikinsu ya fara tabbatar da cewa akwai inda zai riƙa samun E85 a yankinsa kafin ya kashe kuɗi. Haka nan itanol yana jan danshi daga iska, don haka ba a barin sa ya kwana watanni a tankin motar da aka ajiye.