Jarrabawar da Ke Rage Shekara Guda

A Amurka akwai wata jarrabawa da ake kira CLEP, wadda aka fara a 1967. In ɗalibi ya riga ya san wani darasi, sai ya biya kuɗi kaɗan a jarraba shi. In ya ci, jami'ar da ta yarda da ita ta ɗauke masa zaman ajin, kuɗin darasin kuma ya huta.

Mu a nan abin da ya fi kama da wannan shi ne shiga jami'a kai tsaye zuwa aji biyu ta hannun hukumar JAMB. Mai takardar NCE yana iya bin wannan hanya, haka kuma wanda ya ci jarrabawar IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Digirin shekara 4 sai ya koma na shekara 3.

To, bari mu yi lissafi. A ce gwamnatin Jihar Yobe tana ba ɗalibi 100 sukolashif, kowannensu kuwa ya tsallake aji ɗaya. An tsimi kuɗin shekara 100 ke nan, watau abin da zai ishi waɗansu ɗalibai 25 su yi shekara 4 cur. Ɗan Bolewa da ya tsallake aji ya buɗe wa ɗan Fika ko na Nangere ƙofa.

Amma fa a lura, hanyoyin nan biyu ba ɗaya ba ne. Mai neman IJMB sai ya zauna kusan shekara yana karatun darussa uku, akwai kuɗin makaranta, ga ci, ga masauki. Ribarsa sai in shekarar nan ta fi ta jami'a araha, in kuwa ya fāɗi, an yi ba a yi ba. Wanda ya gama Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke nan Potiskum kuwa, ya riga ya yi jarrabawarsa, ba sauran wata shekara da zai biya.

Sai dai jami'a ba ta karɓar kowace irin takarda, sai mai maki mai kyau a fannin da ya dace. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, kowane makin da kuka samu yanzu kuɗi ne, naku da na talakawan da suka biya haraji. Ku tambayi malamanku sharuɗɗan jami'ar da kuke so tun kuna aji ɗaya, gama da sanyin safiya ake kama fara.

Aiki: In ɗalibi 60 suka tsallake aji ɗaya, mutum nawa kuɗinsu zai ɗauka shekara 4?