DARASIN YAU: Lusina, bishiyar inuwa daga Meziko



Kafin ku kafa ɗakin kaji, ku fara tunanin inuwa. Zafin bazara yana rage wa kaza cin abinci, ƙwai ya ja baya, wasu ma su mutu.

Lusina, wadda malaman gona ke rubutawa Leucaena, asalinta ƙasar Meziko ce a Arewacin Amurka. Can ana kiranta guaje, har cin 'ya'yanta ake yi. Manoman kofi da koko na shuka ta don ta yi wa shukarsu inuwa, kuma cibiyar IITA da ke Ibadan ta daɗe tana gwada ta a tsakanin layukan masara.

AMFANINTA

1. Tana saurin girma, saiwarta na nutsawa ƙasa sosai, shi ya sa take jure rani.
2. Busasshen ganyenta na ɗauke da furotin sama da kashi 20 cikin 100.
3. Yana ƙara wa gwaiduwar ƙwai launin ɗorawa.
4. Tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake da gyaɗa ke yi, ga kuma itacen girki.

AMMA A KULA

Ganyen na da wani sinadari mai suna mimosin. In ya yi yawa, kaza ta daina girma, ƙwai ya ragu. Don haka a shanya ganyen ya bushe, a daka, kuma kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na abinci. Wato a buhu mai kilo 25, kada garin ganyen ya haura kilo 1 da kwata. 'Yan tsaki kuwa kada a ba su.

Masu kifi, kada ku dasa ta a bakin tafki. Ganyen da ya zuba cikin ruwa ruɓewa yake, ya cinye iskar da kifi ke shaƙa.

YADDA AKE SHUKA TA

Ɓawon irin na da tauri. A tafasa ruwa, a sauke ya ɗan huce, a jiƙa irin minti 3, sannan a shuka a leda. A dasa da farkon damina ta yamma da ɗakin kaji, inda ranar la'asar ke bugawa, a killace saboda awaki. A riƙa sassabe ta kafin 'ya'yan su bushe, in ba haka ba sai ta cika maka fili.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa.