Kafin Ka Manna Hoto a Bayan Akirilik

Tambaya: Ina da hotuna biyu da nake so in rataya a falo. Ɗaya na Hawan Daushe ne, ni na ɗauka da kyamarata aka buga mini shi babba. Ɗayan kuwa tsohon hoton mahaifina ne baƙi da fari, na situdiyo, kuma babu kwafinsa ko'ina. Mai firam ya ce zai manna mini su duka a bayan gilashin roba, wai haka ake yi a ƙasashen waje kuma sun fi daɗewa. In ba shi? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, ka ba shi na hawan, ka riƙe na Baba.

Mai firam ɗinka bai yi ƙarya ba, rabin zancen dai ya faɗa maka. Gilashin robar da yake nufi shi ne akirilik, wanda aka fara sayarwa a Jamus da sunan Plexiglas a shekarun 1930, a Ingila kuma da sunan Perspex. Nauyinsa kamar rabin na gilashi ne, ba ya tarwatsewa in ya faɗo, kuma kusan kashi 92 cikin 100 na haske yana ratsa shi. Dabarar manna fuskar hoto a jikinsa kai tsaye kuwa wani mutumin Suwizalan ne, Heinz Sovilla-Brulhart, ya fito da ita a 1969, aka sa mata suna Diasec. Ana shimfiɗa gam mai garai-garai tsakanin hoton da fallen akirilik, a matse su har iska ta fita sarai, sannan a tallafe bayan da fallen alminiyum. Da yake babu iska a tsakani, haske ba ya warwatsuwa a kan takardar, sai launi ya fito raɗau, baƙi ya yi baƙi ƙirin. Masu ɗaukar hoto na birnin Duseldof irin su Andreas Gursky da Thomas Struth su suka ɗaukaka wannan salo. Hoton Gursky mai suna Rhein II, wanda aka yi gwanjonsa a New York a 2011 kan dala miliyan 4.3, a manne yake da akirilik. A hotonka na hawan, jan rawanin dogarai da ƙyallin kayan doki za su yi kyau ƙwarai a irin wannan shiri.

Rabin da bai faɗa maka ba shi ne, aikin ba ya warwaruwa. Da zarar gam ya kama, hoto da roba sun zama jiki ɗaya har abada. Akirilik kuwa ya fi gilashi taushi nesa ba kusa ba, ko maɓallin hannun riga yana iya karce shi. A firam na gargajiya, in gilashi ya lalace sai a canza wani. A nan kuwa duk tabon da ya sami robar ya sami hoton. In aka bar ƙwayar ƙura ɗaya ko kumfar iska lokacin mannawa, ta zauna ke nan. Na hawan kana da shi a kwamfuta, in ya ɓaci ka sake bugawa, asararka kuɗi ce kawai. In na Baba ya ɓaci, wa zai sake zama a gaban kyamara? Wannan hukunci ya hau kan duk abin da ba shi da na biyu: zanen hannu, tsohon rubutun ajami, bugun da mai zane ya sa wa hannu da lamba. Na ƙarshen ma darajarsa tana iya faɗuwa a wurin masu saye in an manna shi ba da yardar mai zanen ba.

Ga yadda za a yi da na Baba. Da fari a yi masa sikanin mai kyau a adana. In kana sha'awar ƙyallin nan, kwafin za a manna. Na asalin kuma ana iya sa shi a bayan akirilik, amma ba tare da ya taɓa shi ba. A yanka masa taga ta kwali marar asid wadda za ta bar ɗan fili tsakanin fuskarsa da robar. Wannan fili yana da muhimmanci musamman da damina, domin fuskar tsohon hoto tana yin danƙo in ta sha danshi, sai ta liƙe wa abin da ke gabanta ta ɗaye. A riƙe hoton da 'yan aljihunan kusurwa, ko da 'yar siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, wanda ruwa kaɗan ke sakinsa. Kada a bari salatif ko gam ɗin kafinta su kusance shi, kada kuma a jingina bayansa da kwalin katan, duk suna rina takarda ta koma ruwan ɗorawa. Ka tambayi akirilik mai tace hasken ultrabayolet, mai kyau yana tare kusan kashi 98 ko 99 cikin 100. Duk da haka ba lasisin rataya hoto a gaban taga ba ne, hasken da ido ke gani ma yana koɗar da launi. Gidajen tarihi kan riƙe hasken kayan takarda a kan lakis 50, wato dishi-dishi.

Ko na hawan ma akwai sharaɗi. Takarda mai santsi da sheƙi ita ke mannuwa da kyau. Mai kaushi ta auduga takan riƙe ƙananan kumfa da ke fitowa kamar ɗigon azurfa a wuraren baƙi. A bar bugun ya sha iska kwana biyu kafin a manna. Kaurin akirilik daga milimita 3 zuwa 6 ya wadatar. Kuma ka ce mai firam ya nuna maka aikin da ya taɓa yi, ka karkata shi a hasken rana ka duba gefe-gefe. In shagon a buɗe yake bakin titi kuma lokacin hunturu ne, ka jira, ko ka nemi mai ɗaki rufaffe. Akirilik yana jan ƙura kamar yadda mayen ƙarfe ke jan allura, kuma wannan ja shi ya sa ba a sa zanen gawayi ko na alli a bayan na gama-gari: yakan ɗebe garin daga takardar.

Sai zafi. Akirilik yana miƙewa fiye da gilashi sau bakwai ko takwas. Falle mai tsawon mita ɗaya yakan ƙaru da kamar milimita 1.4 in zafi ya hau da digiri 20, abin da ɗakin Kano ke gani tsakanin sanyin Janairu da ranar Afrilu. In aka matse shi cif a firam, sai ya yi ciki. A bar masa ɗan wurin motsi, a kuma guji bangon da rana ke duka daga waje ko ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki.

Wajen gogewa ka gargaɗi mutanen gida. Sifirit, da fetur, da ruwan wanke gilashi mai amoniya suna jawo masa ƙananan tsage-tsage da hazo da ba sa fita. Busasshen tsumma kuma yana jan ƙurar hunturu a kansa kamar sanfefa. A fara hure ƙurar, sannan a shafa a hankali da lallausan ƙyalle mai ɗan danshi da ɗigon sabulun wanke kwanoni.