Kwamfuresarka za ta iya ɗaga muryar jita, in ka san yadda ake saita ta

Aikina kula da sauti ne a ɗakunan taro da wuraren biki, kuma ba kukan da na fi ji daga bakin makaɗan jita kamar wannan: "Malam, in aka bar mini fili ni kaɗai, ba a jin jitata." Ganguna sun cika wuri, fiyano ta danne tsakiya, shi kuma yana ta fama da tsirkiya a banza. Galibinsu sai su waiwaya su murɗa amfilifaya, a wuce wurin nasu su manta su rage, mawaƙi ya koma yana ihu don a ji shi. Wasu kuma su shiga tara kuɗin sayen fedal na ƙarin ƙara, alhali kwamfuresar da ke gaban ƙafarsu za ta iya aikin.

Ayyuka biyu ne a cikin wannan ɗan akwati. Na farko shi ne matsewa: duk bugun da ya yi ƙarfi sai ta danne shi, don kada ya yi wa mai rauni nisa. Da yake dannewar tana rage ƙarar gaba ɗaya, sai aka sa mata abin ɗagawa a mafita domin a cike giɓin. Shi ne maɓallin da aka rubuta wa Level a jikin Boss CS-3, wadda ta fito a 1986, ko Output a jikin jar MXR Dyna Comp ta shekarun 1970. Ka rage aikin farko, ka buɗe na biyun, shi ke nan ka sami ƙarin ƙara.

Ga yadda nake saita wa mutanena. A murɗa maɓallin matsewa zuwa hagu har ƙarshe, wato Sustain a Boss, Sensitivity a Dyna Comp. Sai a riƙa taka fedal ana kashewa, ana gyara Level, har ƙarar ta zama ɗaya ko an taka ko ba a taka ba. Daga nan ake ɗagawa, kaɗan kaɗan. Ƙarin desibel 3 zuwa 6 ya ishi yawancin waƙoƙi. Desibel 6 ninka ƙarfin siginar ne sau biyu, ko da yake kunne sai an kai wajen 10 yake jin kamar an ninka ƙara. Don Allah kada ka yi wannan saitin kai kaɗai a ɗaki. Abin da ya yi maka yawa a ɗaki, da zarar mai ganga ya zauna sai ya ɓace.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, ba kowace kwamfuresa ce ke sakin murya yadda ta karɓe ta ba. Dyna Comp da 'yar uwarta Ross, waɗanda aka gina a kan ƙwayar CA3080, ko an kai maɓallin ƙasa suna ɗan matsewa, suna tausasa kaifin bugun farko. Masu maɓallin Blend, irin Keeley Compressor Plus, sun fi sauƙin sha'ani, domin suna barin asalin muryar jita ta bi ta gefe ta haɗu da wadda aka matse. Wanda kuwa ba ya son a taɓa masa komai sai ƙara, to fedal ɗin da aka yi don haka zai nema, kamar LPB-1 da Mike Matthews ya fitar a 1968, ko MXR Micro Amp mai maɓalli ɗaya tal.

Ni dai a wurina wannan 'yar matsewar alheri ce, ba aibi ba, musamman ga mai kiɗa da yatsu. Saurari salon jitar Agadas, irin na Bombino ko Mdou Moctar: sautuka da yawa ba bugu ne ke fitar da su ba, yatsun da ke kan wuyan jita ne ke dannawa suna fizgewa da sauri. Irin waɗannan ƙananan sautuka su ne ke fara nutsewa a cikin hayaniyar biki. Fedal na ƙarin ƙara zalla zai ɗaga su tare da manyan, tazarar tana nan yadda take. Kwamfuresa kuwa tana matso da su kusa, sai a ji kowane ɗaya.

Inda ka jona ta ma yana da muhimmanci. In tana gaban fedal mai sa murya kaushi, irin Tube Screamer, ɗaga Level ba zai ƙara maka ƙarar kirki ba, kaushin ne zai ƙaru. In ƙara kake so, ta koma bayansa. Trey Anastasio na ƙungiyar Phish ta Amurka ya shahara da jera Ross ɗinsa a bayan Tube Screamer.

Abin da ya fi damuna shi ne amfilifaya. Tulun da ya cika ba ya karɓar ƙarin ruwa. In ka riga ka murɗe ƙaramin amfilifayanka har ƙarshe, ba fedal a duniya da zai ƙara masa ƙarfi. Mai tiransisto zai fashe da wata ƙara mai tsaga kunne, kuma lasifika ce ke shan wahalar. Mai kwalba zai yi kaushi mai daɗin ji, amma muryar ta daina zama garau. Ka rage amfilifaya tun farko, ka bar masa sarari, a kafa masa makirufo zuwa mikisa.

Sai gurnani. Wutarmu a Najeriya da Nijar mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, kuma jita mai fikof na naɗi ɗaya, irin Stratocaster, tana ɗaukar gurnaninta, balle an tayar da janareta. Matsewa mai yawa tana ɗaga wannan gurnani a duk lokacin da ka ɗauke hannu, wanda ƙarin dalili ne na barin Sustain a ƙasa. In har yanzu ana jin shi, cire adaftar ka gwada batir mai bolt 9. Sau da yawa adafta mai araha ce mai laifin, ba fedal ba.

Roƙona na ƙarshe ya shafi aikina kai tsaye. Lokacin gwajin sauti, ka faɗa wa mai mikisa cewa kana da abin ɗagawa a ƙafa, ka taka shi, ka yi bugu mafi ƙarfi da za ka yi a daren. A kan wannan zai daidaita layinka. In ka ɓoye sai tsakiyar waƙa, jar fitila za ta kama a mikisa, dole ya janye ka ƙasa daidai lokacin da kake son a ji ka.