Wakilin Mai Gidan Haya da Amanar da Ke Wuyansa



Ya ɗan'uwa matashi, kula da gidajen haya ya zama hanyar cin abincin samari da yawa a Kano da Kaduna da Jos da Abuja. Mai gida yana can wani gari wajen fatauci ko aiki, sai ya damƙa maka makullai, ya ce ka zuba 'yan haya, ka karɓi kuɗi, ka duba gyara. A unguwa ana ce maka ejan ko kiyateka. A littattafan fiƙihu kuwa sunanka wakili, kuma akwai babi sukutum a kanka, babin wakala. Sana'ar halal ce, la'adarka ma halal ce, ko kashi 10 cikin 100 ne ko ƙasa da haka, matuƙar an yanka ta tun farko kowa ya sani.

To, ka sani, malamai sun ce hannun wakili hannun amana ne. Ma'ana, in kuɗin haya ya salwanta a wurinka ba tare da sakaci ko wuce iyaka ba, babu ramuwa a kanka. Amma ranar da ka ɗauki kuɗin nan ka sayi buhunan masara da niyyar ka juya kafin mai gida ya waiwayo, ka fita daga wannan rangwame. In an yi asara, kai za ka biya har kwabon ƙarshe. Allah Ya yi umarni da mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58, kuma kuɗin haya yana ciki.

Ga inda samari suka fi faɗawa. Mai gida ya ce shekara naira 300,000, kai kuma ka ce wa ɗan haya 350,000, ka soke hamsin a aljihu, ka kira ta wayo. Wa ya ba ka? Duba ƙissar Urwatul Bariƙi, Allah Ya yarda da shi, a cikin Bukhari. Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya ba shi dinari ɗaya ya sayo akuya. Ya sayi biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, sannan ya kawo akuyar da dinarin gaba ɗaya, aka yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Bai ce rarar nan ƙwazona ne ya jawo ta ba. Ribar da wakili ya samo ta wanda ya wakilta shi ce, sai fa in shi mai gidan ya furta da bakinsa cewa abin da ya hau naka ne.

Haka nan goron da wani zai miƙo maka don ka fitar da wani ka sa shi. Annabi ya taɓa aiken Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da mutum ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko za a kawo masa. Kai ma tambayi kanka: ba don makullin da ke hannunka ba, wa ya san ka?

Saboda haka riƙi littafi, ka ba da rasit ga duk wanda ya biya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Sai haƙƙin ɗan haya, wanda sau da yawa ba shi da mai tsaya masa. Kasancewarka wakilin mai gida bai halatta maka ka cuce shi ba. In rufin yana yoyo, ko unguwar ruwa yana cin ta da damina, faɗa masa tun da rani kafin ya biya. Ɓoye aibi algus ne. In masai ya cika ko bango ya tsage, isar da magana ga mai gida, kada ka yi ta ce wa bawan Allah gobe, gobe, iyalinsa na kwana da tsoro. Kuɗin wuta da ka tara, kai shi inda aka tara dominsa. Kuma kai saurayi ne, gidan nan da matan aure a ciki. Makulli ba izini ba ne. Yi sallama, ka tsaya a zaure, kamar yadda Suratun Nur ta koyar.

In kuwa haya ta ƙare, ko mutum ya kasa biya, fara duba halinsa. Wanda ke cikin ƙunci, Alƙur'ani ya ce a saurara masa. Kai wa mai gida uzurinsa, ko Allah Ya sa ya sassauta. Mai taurin bashi kuwa, da hanyarsa: notis, sannan kotu. Dokar haya da jihar Legas ta yi a 2011, alal misali, ta yanka wa mai hayar shekara notis na wata 6, mai hayar wata kuma wata 1, in ba su yi wani sharaɗi dabam ba. Nemi sanin ta jiharku. Amma kwashe kwanon rufi, da garƙame ƙofa, da watso kayan mutum waje a gaban 'ya'yansa, ko mai gida ne ya umarce ka, ce masa ba za ka yi ba, ka miƙa masa makullansa.